Baffa, Wanda Aka Binne a Kurmi

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Sai dai wani gari guda ne ke raka shi, wani kuwa sai ƙasa ta gama cin sa kafin 'yan gidansu su ji. Baffana, ƙanen mahaifina, yana cikin na biyun.

Labarin ya iske mu a Yalwawa da hantsi, ana tsakiyar girbin dawa. Wani dogon mutum ramamme ya yi sallama a ƙofar zaurenmu yana jan ƙafar hagu, ya ce shi mutumin Ringim ne, gidan su Saje yake nema. Saje shi ne sunan da gari ke kiran Baffa da shi, rabi don muƙaminsa na soja, rabi don ba'a. Mahaifina, wanda kowa ke ce wa Malam har mu 'ya'yansa, yana kan buzunsa yana gyara wa wani ɗalibi rubutu. Ni kuma na dawo daga gona ke nan zan ɗauki igiyar ɗauri.

"Nan gidan malamai ne," in ji Malam. "Babu saje a nan."

Baƙon ya durƙusa da ƙyar. "Allah gafarta Malam, ƙanenka nake nufi, wanda ya tafi yaƙin Jamus. Tare aka kama mu. Allah ya yi masa rasuwa a hannunsu. Ni na sa shi a rami."

Malam ya yi innalillahi a hankali. Sannan ya mayar da ido kan allon, ya ƙarasa gyaran layin da ya fara. Da idona na gani, kuma har yau abin yana nan tsaye a raina.

Gwaggo, yayarsu su biyu, ita ce ta fito har zaure babu mayafi, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta riƙe hannun rigar baƙon tana cewa, "Ka gan shi da idonka? Ka taɓa jikinsa?" Iya kuwa, matar Baffa, tana daka aka gaya mata. Ba ta yi kuka ba. Ta jingine taɓarya, ta aike ni in tambayo yaushe abin ya faru. Baƙon ya ce an yi damina uku. Da na kai mata amsa sai ta ce, "Ashe duk tuwon da nake ragewa, mamaci nake rage wa." Ta shiga ɗaki ta zare awarwaronta.

Zaman makokin bai cika tabarma biyu ba. Na san yadda ƙofar gidanmu ke cika, don lokacin da kakarmu ta rasu har daga Garu da Kiyawa aka zo, wasu a tsaye suka yi addu'a. Wannan karon mutane suka riƙa raɓewa ta bayan danga kamar suna da uzuri. Waɗanda suka zauna ma na lura da yadda suke karkata harshe. "Allah ya jiƙan Musulmi," suke cewa. Ban ji wanda ya ce Allah ya jiƙansa ba. Dagaci ya aiko da gaisuwa, bai zo ba. Wani dattijo maƙwabcinmu ya shafa fatiha, ya karkaɗe rigarsa, ya ce da na kusa da shi, ba ma a ɓoye ba, "To, ai ya san rigar da ya sa." Wannan dattijon na san wanda ya kai wa iyalinsa dawa a shekarar yunwa, don ni na ɗauki ƙwaryar.

Shi ya sa nake wannan rubutu. Baffa bai bar ɗa ba, bai bar kabarin da za a nuna ba. In mu da muka san shi muka yi shiru, abin da zai rage shi ne maganar wancan dattijo.

Ban san shi ba sai da na girma. Tun ba a haife ni ba mahara suka ɗauke shi a bakin gona, yana saurayi ɗanye, suka yi kudu da shi. A gida aka yi kuka, aka yi sadaka, aka dangana. Shi kuwa aka yi ta sayar da shi daga hannu zuwa hannu har bakin babban kogi, inda Nasara suka karɓe shi daga ubangijinsa, suka sa masa jar hula, suka ba shi bindiga. Ya taɓa ce mini, "Cewa suka yi na zama ɗa, ba bawa ba. Ni dai ban ga an buɗe mini ƙofa ba."

Ina sabon aure ya dawo. Bai yi sallama ba. Ya tsaya a ƙofar gida da ƙullin kayansa a kafaɗa, ya ɗaga murya ya ce, "Wa ya sare tsamiyar da ke nan?" Gwaggo tana tankaɗe a cikin gida ta ji muryar, ta zubar da garin.

Mutum ne mai wuyar zama, ba zan ɓoye ba. Yana cin abinci a tsugune, da sauri, kamar za a ƙwace. Ba ya zama ya ba ƙofa baya. Yana cin taba, yana magana da ƙarfi, kuma Hausarsa ta gauraye da wasu kalmomin bariki da ke sa mata su rufe baki. Komai zafin rana ba ya tuɓe riga a gona. Sau ɗaya na ga bayansa yana wanka a bakin rijiya, na ga sawun bulala, tsoho a kan tsoho, ban san wanne ne na iyayengiji wanne ne na bariki ba, ban kuma tambaya ba. Wata rana akuyar maƙwabci ta cinye masa 'ya'yan dabino da ya dasa, ya jefe ta da dutse ya karya mata ƙafa, ya zagi mai ita har uwa. Washegari da safe aka gan shi ya saɓa akuyar a wuya ya nufi gidan mai ɗori, yana tafe yana yi mata faɗa kamar tana ji.

Dabinon nan shi ne hankalinsa. Ya samu wata ƙasa mai damshi a gindin duwatsu ya dasa, ya kewaye da ƙaya, kuma ya koyi aikin a wurin tsofaffin da suka iya, har ya zama shi ake kira ya hau ya ɗaura wa macen dabino furen namiji. A can ƙarƙashin dabinon ya roƙe ni wani abu da bai iya roƙon yayansa ba. Karatun da ya yi yana yaro duk ya zube, Fatiha ce kawai ta rage masa da gajerun surori biyu. "Ɗana, sake biya mini," zai ce, gumi na zuba daga gemunsa. In ya yi kuskure sai ya buga cinyarsa ya ce, "Kai, wannan kai an cika shi da hagu da dama na bariki, babu wuri." Bai taɓa barin salla ba a sanina, amma kullum a sahun ƙarshe yake tsayawa, can gefe.

Ya auri Iya, bazawara ce daga Kiyawa. Allah bai ba su haihuwa ba, kuma da Gwaggo ta fara yi masa zancen ƙarin aure sai ya ce, "Yaya, raba ni da mutane da aka yi ya isa, kada a raba ni da ita." Shi yake ɗebo wa Iya ruwa, gari na dariya. In ta fara faɗa sai ya ce, "A ci abinci tukuna." Haka yake cewa a kowace rigima, ta gida ko ta waje. Ya ce ya ga abin da mutane ke yi wa juna da yunwa a cikinsu, ba ya son ya sake gani.

Rigima ɗaya ce abinci bai kashe ta ba. Ina wurin, a tsakar gida bayan la'asar, Baffa yana gyaran ƙotar fartanya. Malam ya tsaya a kansa ya yi tambayar da gari ya daɗe yana yi a bayan ido.

"Ranar da Nasara suka shiga Kano, kana ina?"

"Ina cikin sahu, Yaya."

"Ka harba?"

"Na harba."

"Musulmi ka harba?"

Baffa ya ajiye fartanyar. "Hayaƙi ne ko'ina, ban ga fuskar kowa ba. Amma na san ba shanu ba ne a bayan ganuwar."

Malam ya ce, "Da ka mutu a hannun mahara da ya fi mana."

Baffa ya dube shi ya ce, murya ƙasa ƙasa, "Ranar da aka ɗauke ni kana kan bishiyar kuka, tsakanina da kai bai fi nan da rumbun can ba. Na gan ka, ban nuna ka ba. Ban ce ka yi laifi ba, kai ma yaro ne. Amma bayan nan, Yaya, wa ya bi sawuna?"

Malam ya juya ya shiga zaure. Kafin mako ya zagayo an kafa danga ta raba gidan biyu, kuma tun daga ranar ban sake ganin sun sa hannu a akushi ɗaya ba.

Sai shekarar yunwa ta zo. Ruwa ya ɗauke tun gero na ƙuruciya, ya ƙone a tsaye. Ɗaliban Malam suka watse. Mata suka shiga tonon gidan tururuwa suna neman ƙwayar hatsi, muka ci ganyen da ko akuya ba ta kallo. 'Yata ta fari tana goye a lokacin, nonon uwarta ya ƙafe, kukanta ma ya daina fita. Baffa ya zo ya tsaya a kanta, ya taɓa ƙafarta da yatsa ɗaya. Kwana kaɗan aka neme shi aka rasa. Ashe Kano ya tafi a ƙafa. An ce ana ɗaukar tsofaffin sojoji, kuma a bariki akwai hatsi. Mutumin da furfura ta fara fito masa, wanda ya yi rantsuwa ba zai ƙara jin busar ƙaho ba, ya koma ya miƙa wuya da kansa.

Ya dawo da jakuna ɗauke da dawa, yana sanye da rigar soja. Malam ya fito ya ga kayan a ƙofar gida ya ce, "Hatsin bariki ba ya shiga tukunyata."

Gwaggo ta ce, "Tukunyarka? Malam, yaushe rabonka da ɗora tukunya?" Ta sa aka shigar da kayan ta ƙofar Baffa, ta dama kunu, ta miƙo ta saman danga. Malam ya sha. Bai tambayi daga ina ba, kuma ya sani. Duk mun sha. 'Yata ta rayu. Baffa ya auna wa maƙwabta, ni nake kaiwa gida gida, kuma a lokacin ba wanda ya tuna da launin rigar.

Da zai koma na raka shi har bayan gari. Ya yi mini bayanin dabino tsaf, wanda za a sare wa ganye da wanda za a bari. Ya ce, "Ana yin ruwa zan ajiye musu kayansu in dawo." Ruwa ya zo. Amma yaƙin Nasara da Jamus ya riga shi zuwa, aka kwashe su aka yi gabas da su, daga nan ba mu ƙara jin ɗuriyarsa ba sai ranar da mutumin Ringim ya yi sallama.

A rana ta biyu ta makoki, da zaure ya watse, baƙon ya ba mu labari. Gwaggo da Iya suna bayan asabari suna ji. Malam yana kan buzunsa da carbi.

Baƙon ya ce a bakin wani kogi aka rutsa da su. Baturen da ke jagorantarsu ya faɗi, waɗanda suka iya iyo suka tsira. Shi baƙon, harsashi ya same shi a ƙafa. Baffa ya iya iyo, a bakin kogi ya yi ƙuruciyarsa ta bauta, amma ya tsaya ɗaure masa ƙafar, a haka aka kama su. Jamusawa suna ja da baya ne, sai suka mayar da kamammun 'yan dako, suka ɗora musu akwatunan harsashi suka nausa kurmi da su, inda ruwa ba ya ɗaukewa, abinci kuma sai gwaza da ɗanyen rogo.

"Masu gadinmu baƙaƙe ne irinmu," ya ce. "Akwai ma Bahaushe a cikinsu. Shi ya zo mana da saƙo, wai duk wanda ya yarda ya sa rigarsu ya ɗauki bindiga za a sauke masa kaya, a ba shi shinkafa da nama. Wasu sun karɓa, ban zarge su ba. Saje aka fi nema, don ya iya horar da sababbi. Ya ce a gaya musu yaran da ke wancan ɓangaren shi ya koya musu riƙon bindiga, ba zai harbe su ba. Ya ce ya taɓa harbi cikin hayaƙi sau ɗaya, ya ishe shi. Sai suka ƙara masa akwati."

Baƙon ya ce da ƙafarsa ta ruɓe ya kasa tafiya, an so a bar shi a hanya, kuma kowa ya san abin da ake yi wa wanda aka bari. Baffa ya riƙa ɗaukar kayansa ya haɗa da nasa, ya kai gaba ya ajiye, ya dawo ya tallafe shi. Haka har atuni ya kama Baffa. Ya yi ta zubar da jini yana ɗaukar kaya, sai da wata safiya aka busa ƙaho bai tashi ba.

Gwaggo ta yi magana daga bayan asabari. "Ya ce wani abu?"

"Ya ce in Allah ya mayar da ni, in zo Yalwawa ta ƙasar Dutse in gaya wa matarsa ta daina jira. Ya ce kada a bar ta tsakanin aure da takaba. Ni kuma da aka sako mu sai aka sake tura ni wani yaƙin a kan aikin dafa abinci, bana aka sallame ni. Ko gida ban zauna ba na taho."

Malam bai ɗaga kai ba ya yi tambayarsa ta farko. "Wa ya sallace shi?"

"Ni, da wani Bazabarme. Da mai gadin nan Bahaushe. Ya jingine bindigarsa a jikin itace ya shigo sahu, shi ya ba mu addar da muka yi tono. Likkafani babu, bargonsa muka naɗa masa."

"Kun fuskantar da shi gabas?"

Baƙon ya ce, "Allah gafarta Malam, a wurin nan ba a ganin rana. Mun yi kirdado."

Malam ya ce, "To." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Ni na tambayi baƙon ko Nasara sun san abin da Baffa ya yi. Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. Ya ce da aka ƙwato su an kai shi gaban wani Bature da tafinta, ya faɗi duk abin da ya faɗa mana. Baturen ya saurara, sannan ya yi tambaya ɗaya. Tafinta ya ce, wai ina bindigar Sajen, Jamus sun ɗauke ta ko ta faɗa kogi?

Iya ta yi takabarta, ta gama, ta koma Kiyawa wurin danginta. Da aka zo rabon gado aka fitar mata da nata, sauran kuma, gona da dabinon, kaso mafi girma ya faɗa hannun Malam, don haka shari'a ta ce. Ya karɓa. Aka cire dangar da ke tsakar gida aka yi makamashi da ita. Mahaifina ne, ba zan faɗi abin da bai kamata ɗa ya faɗa ba. Na dai rubuta abin da na gani.

Da damina matata ta haifi namiji. Tun ranar haihuwa na je na durƙusa gaban Malam na ce sunan Baffa nake so a sa. Ya ce ya ji. Ranar suna mutane suka cika ƙofar gida, irin cikar da ba su yi ba a makoki. Aka raba goro, aka kawo rago. Malam ya ɗaga hannu, ya faɗi suna, kuma sunan malaminsa na Kano ya faɗa. Jama'a suka shafa, maroƙi ya ɗauka ya shiga shelantawa. Ina zaune a gefensa, ba yadda zan yi in tsinka mahaifina a gaban mutane. Na sunkuyar da kai har aka watse.

Da maroƙin ya kai sunan cikin gida, Gwaggo ce ke riƙe da jaririn, wanzami na yi masa aski. Matata ta ce Gwaggo ta saurara har ya gama, sannan ta ɗaga yaron a gaban matan unguwa duka ta ce, "Ku kira shi abin da kuka ga dama a masallaci. A gidan nan Baffa ne." Haka kuwa aka yi. Mata suka ɗauka, yara suka ɗauka, har maƙwabta. Yanzu yana gudu a tsakar gida, kuma daga safe zuwa magariba ba abin da ake ji sai Baffa zo nan, Baffa bari. Malam kaɗai ne bai taɓa kiransa haka ba. In yana son sa sai ya ce, "Kai, yaro."

Ya Allah, kai ka san ramin da ke cikin kurmin nan, mu ba mu sani ba. In sun karkata shi, ka daidaita shi. Ka gafarta masa abin da ya harba cikin hayaƙi, ka yalwata masa makwanci, ka ba shi hutun da bai samu a hannun kowa ba. Allah ya jiƙansa. Shi nake nufi, Baffana, shi kansa.